Dutsen Rami Na Bakwai Da Ya Ƙi Bushewa

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Talata, a tsakiyar bazara, mu uku ne a rumfar awon dutse: ni, da Injiniya Murja mai kula da aikin, da Iliya mai injin yankan dutse, wanda a lokacin yake zaune bakin ƙofa yana ɓarar gyaɗa saboda an kashe janareta. Na san lokacin daidai ne domin ni ke riƙe da littafin aiki, kuma ba na rubuta komai sai na duba agogo. Abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a tasha na ji shi ba, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa gishiri ba. Zan bi shi daki-daki, don haka ku yi haƙuri da ni.

Ni mutumin Batsari ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Shekarun baya, tun hanyoyinmu na yamma ana bin su ba tare da fargaba ba, na samu aiki da wani kamfani da ya zo neman alamar zinare a ƙasar Safana. Sansaninmu yana wani ƙauye tsakanin Tsaskiya da Zakka, ba zan faɗi sunansa ba. Injin haƙa yana huda ƙasa ya fito da dutse dogo-dogo kamar rake mai kauri, ni kuma aikina in karɓi wannan sandar dutsen, in wanke, in jera a akwatuna bisa zurfin da kowane guntu ya fito, in rubuta lamba. Ba a taɓa samun guntu ɗaya ya sauya wuri a hannuna ba. Saboda wannan ne ma'aikata suka laƙaba mani Saje, alhali ko ƙofar bariki ban taɓa shiga ba.

Bayan an jera sai a auna. Akwai wata na'ura mai hannu kamar babbar tocila, a bakinta da tagar gilashi da ba ta fi kwabo faɗi ba. Idan ka ɗora tagar a jikin dutse sai ta haska shi da wani haske da ido ba ya gani, Injiniya tana ce masa infirared. Kowane ma'adini yana shanye wani sashe na hasken ya maido da saura, sai kwamfuta ta zana layi mai hawa da gangara, kuma kamar yadda zanen yatsan mutum ba ya zama ɗaya da na wani, haka layin farar ƙasa daban, na sauran ma'adinai kowanne daban. Da wannan take gane inda ruwan zafi ya taɓa ratsa dutse a zamanin da, don a irin nan ne zinare ke kwanciya.

Dokokin awon huɗu ne, ita ta koya mani a ranar farko. A wanke dutse. A shanya shi ya bushe ƙayau, domin ruwa yana haƙa manyan ramuka biyu a layin ya rufe komai. A ɗora na'urar a kan wani farin faifai kafin a fara, don ta daidaita. Na huɗu, kada yatsa ya shiga gaban tagar. Har ta sa na ɗora tagar a tafin hannuna don in ga yadda layin fatar mutum yake: ga ramukan ruwa, ga wasu ƙananan ramuka biyu kusa da juna da ta ce na kitse ne. Ta ce, "Malam, idan na ga wannan layin, na san ka yi sakaci." Wata biyar muka yi ba ta gan shi ba.

To, a wannan Talatar muna kan akwati na shida na rami na bakwai, ni ina ɗora na'ura, ita tana kallon kwamfuta tana kiran suna ina rubutawa. Muka zo mita ashirin da huɗu. Wani guntu ne tsawon tafin hannu, toka-toka, ba abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa. Na ɗora, na danna. Sai ta ɗago kai.

"Saje, yatsanka."

"Yatsana yana baya, Injiniya."

"To wannan layin na wa ne? Na kakana?"

Iliya ya fashe da dariya daga bakin ƙofa. "Yau dai an kama Saje! Injiniya, ki ba ni biro in rubuta a littafin, da ƙarfe nawa ma?"

Raina ya ɓaci. Na goge tagar, na maimaita, na ɗaga hannuna na hagu sama don ta gani. Layin bai sauya ba. Ta taso ta karɓi na'urar, ta koma kan farin faifai, ta auna guntun da ke sama, ya ba da farar ƙasa, ta auna na ƙasa, shi ma ya ba da abin da ake tsammani, ta dawo kan wannan da hannunta, sai ga layin nan ya sake fitowa, ramukan ruwa da ƙananan biyun nan na kitse, sak irin wanda ta nuna mani a tafina.

Sai ta ce bai bushe ba ne, kuma wataƙila man giris na injin haƙa ya taɓa shi. Na ce mata akwatin kwana uku ya yi a rana. Ta ce in wanke shi da sabulu in sake shanyawa. Na sa hannun dama na ɗauka, kuma a nan ne na fara jin abin da ban so ba. Duk wanda ya san bazarar Safana ya san dutsen da ya sha rana ba ya ɗaukuwa da tafi. Wannan sanyi gare shi kamar an ciro shi daga gindin randa, kuma da laima a jikinsa irin ta goshin mutum. Na wanke shi, na hau tsani na ajiye shi shi kaɗai a kan kwanon rufin rumfa, inda ko ƙadangare ba ya iya tsayawa da rana.

Da na zo alwalar azahar sai na lura ba na jin ruwan a hannun dama. Ina ganinsa yana zuba, amma ba na jin sa. Kafin la'asar sanyin ya kai wuyan hannu, tafin yana tsattsafo da laima, ina gogewa tana dawowa. Rubutun da na yi a littafi da yammacin ranar, idan kuka gani ba za ku ce nawa ba ne. Jama'a, mutum irina ba shi da gona mai yawa, ba shi da shago, hannun damansa ne abincinsa da na 'ya'yansa.

Yanzu dole in koma baya mako uku, don ku fahimci abin da ni kaina ban fahimta ba sai ranar Laraba.

Lokacin da aka zo sa turken rami na bakwai, wurin ya faɗa a gonar wani dattijo, Baba Tukur. Ni aka tura in yi masa magana saboda ni ɗan ƙasa ne. Bayan mun gaisa ya ce in biyo shi, ya kai ni tsakiyar gonar, inda na ga duwatsu an jera su zagaye, ciki ba kunya ba kututturen gero, alamar garma ba ta taɓa shiga ba. Turkenmu yana dab da su. Ya ce, "Nan yayana Haruna yake. Maginin rijiya ne. Ya kai zurfin gaba goma sha biyu, ya fara jin laima, ta rufta da shi. Kwana uku muna tona tana ƙara zubewa, har liman ya ce a bari kada a ƙara wani. A bakinta aka yi mashi salla, aka cike. Gonar ku yi abin da za ku yi, ba damina ba ce. Wanga wuri dai ku matsa."

Na je na gaya wa Injiniya, ba ta yi musu ba, ta ce a matsa. Ni da ƙafata na auna taki goma sha biyar zuwa gabas na kafa sabon turke, na dawo na ce wa Baba Tukur, "Baba, mun matsa. Ba abin da zai taɓa shi, na ba ka alkawari." Ya ce Allah Ya yi mani albarka.

Abin da ban gaya masa ba, don bai zo mani a rai ba, shi ne ramukanmu ba kamar rijiya suke ba. Ba sa sauka a miƙe. A karkace ake huda su don su ratsa jijiyar dutse ta gefe. Kullum ina ganin injin a jingine kamar tsani, na san haka sarai, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Shi Baba a saninsa rami ƙasa yake yi, ni kuma ina ganin na gama aikina tunda na ƙirga taki.

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na sauko da guntun daga kan kwano. Kwanon ya ƙona mani gwiwa ta cikin wando, amma dutsen yana nan da sanyinsa, kuma inda ya kwanta ya bar jiƙaƙƙen shaci. Iliya ya leƙo ya ce, "Wallahi Saje gumi yake. Shi ma tsoronka yake ji." Amma bai yi dariya sosai ba, kuma da na miƙa masa bai karɓa ba.

Muka auna. Layin jiya ne ba ragi. Injiniya ta daɗe tana bincike a kwamfutarta, tana ɗora layin a kan na ma'adinai ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya hau. Daga ƙarshe ta ce, "Ko me ke jikinsa a waje yake. Gobe Iliya ya tsaga shi, mu auna cikin, a nan gaskiya za ta fito. Dama motar samfur gobe za ta tafi." Ka'idar aikin ke nan: kowace sanda ana tsaga ta biyu a tsaye, rabi ya zauna a akwati, rabi a sa a leda mai lamba a tura ɗakin gwaji a niƙe shi ya zama gari. Ta ga yadda nake riƙe da biro da hannu biyu ta tambaye ni lafiya, na ce sanyi ne. Ta ce, "Sanyi a wannan zafin?" Daga nan ta shiga mota ta tafi Safana aika rahoto, don a sansani waya ba ta kamawa.

Bayan tafiyarta ina zaune ina kallon lambar da na rubuta a jikin akwati, ashirin da huɗu, sai wata magana da ta taɓa yi mani ta faɗo mani: a irin karkatar da muke yi, duk mita biyu da rami ya ci, ya yi mita ɗaya zuwa gefe. Rabin ashirin da huɗu, sha biyu. Na ɗauki tef ɗin awo na nufi gonar da ƙafa. An riga an janye injin, sai bakin bututu da aka bari a ƙasa, kuma bakin yana kallon yamma. Na maƙala tef a jikinsa na ja, na bi inda ya nuna, ina tafiya ina addu'a Allah Ya sa in yi kuskure. Mita goma sha biyu ta ƙare a tsakiyar zagayen duwatsun nan. Innalillahi. Ba kusa ba, ba gefe ba, tsakiya.

Na samu Baba Tukur a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa, muka gaisa har ƙarshe, don ko gobara ake ba na yanke gaisuwar babba. Sannan na gaya masa komai.

Ya ajiye igiyar. "Ba kai ka ce mani kun matsa ba?"

"Mun matsa, Baba. Ramin ne a karkace yake tafiya."

"A karkace." Ya dube ni ya daɗe. "Shekarata saba'in da wani abu, ban taɓa jin ramin da ke bi ta ƙarƙashin maganar mutum ba. Kai ka san haka yake tafiya sadda ka ba ni alkawari?"

"Na sani, Baba. Ban tuna ba."

"Miƙo hannun."

Na miƙa. Ya riƙe, ya saki da sauri, ya goge tafinsa a riga. Ya ce haka ƙasar da suka riƙa kwasowa a kwana na uku take, sanyi da laima. Sannan ya ce, "Ban san abin da kuka ciro ba, ni ba malami ba ne. Amma ka kawo shi yadda ya fito, a mai da shi inda yake. Kada ku fasa, kada ku rage. Ka ji ni? Yadda ya fito."

A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya fi ci mani rai. Da na koma sansani da la'asar, dutsen yana cikin akwati, makullin rumfa ɗaya yana aljihuna, ba mai hana ni in ɗauka in kai masa kafin magariba. Amma doka ta ce guntu ba ya barin akwati sai da sa hannun Injiniya, kuma ni ne na sa aka sallami wani lebura a watan da ya wuce don ya sa wani ɗan dutse mai ƙyalli a aljihu. Yaya zan yi abin da na kori wani a kansa? Na ce bari in bi tsari. Iliya ba ya tayar da inji sai ƙarfe takwas, ni kuma bakwai da rabi nake zuwa, ina da rabin awa in yi mata bayani ta sa hannu. Na kulle rumfa na tafi masauki da hannu kamar ba a jikina yake ba, sanyin ya wuce wuyan hannu ya doshi gwiwar hannu.

Abin da ban sani ba, da ta dawo daga Safana ta gaya wa Iliya direba yana so ya tashi da wuri, don haka ya fara yanka tun da sassafe, ta ba shi makullinta.

Ranar Alhamis, bakwai da kwata, ina tafe ta bayan masallaci sai na ji kukan zarto. Wallahi ban san na iya gudu haka ba. Na shiga rumfa na tarar ya gama akwati biyar, ledoji a jere, ga guntun nan a kan injin ya tura shi bakin zarto. Na ƙwala masa kira, amma ya toshe kunnuwansa da auduga kamar kullum, ga ƙarar janareta. Kafin in kai gare shi ƙarfen ya shiga.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wannan injin ya san idan ya kama dutse ihu yake yi har haƙoranka su yi tsami. Da ya shiga wannan sai ƙarar ta mutu. Zarton yana juyawa, ruwan da ke sanyaya shi yana zuba, amma yana wucewa shiru kamar wuƙa a cikin kabewa. Wani wari ya taso, irin na gindin tsohuwar rijiya. Kuma a cikin wannan shirun, daga kwamin ruwan da ke ƙarƙashin injin, kwamin da zurfinsa bai kai kamu biyu ba, na ji muryar namiji tana tasowa daga nesa, can ƙasa, a gajiye, ta ce, "Ku ja."

Sau biyu ta faɗa, yadda magini ke kiran masu igiya daga gindin rijiya. "Ku ja."

Iliya ya yi tsalle baya ya faɗi zaune, ya zare audugar daga kunnensa yana salati. Ya ce, "Saje, ka ji? Ka ji ko ni kaɗai ne?" Mutumin da bai ji ihuna ba ina taki uku da shi, ya ji wannan ta cikin auduga. Ni kuwa wani raɗaɗi ya tsaga mani tafin hannu daga tsakanin yatsu har wuyan hannu, a miƙe, na duba ba jini ba rauni.

Daga nan akwai kamar minti biyu da ba zan iya ba ku lissafinsu ba, kuma wannan ne kaɗai giɓin da ke cikin labarina. Na dai tsinci kaina a waje ina kiran Injiniya. Ta zo da mayafinta a hannu, na gaya mata komai a tsaye, tun daga turke har tef har abin da muka ji. Ba ta yi mani dariya ba. Ta ce, "Saje, da mun ratsa cikakkiyar rijiya, ƙasa za mu samu, ba dutse ba. Wannan dutse ne." Na ce na sani. Ta shiga, ta tarar da rabin a cikin akwati a gurbinsa, ta daidaita na'ura a kan farin faifai, ta ɗora na'urar a kan sabuwar fuskar da zarto ya buɗe, wadda hannu bai taɓa taɓawa ba, giris bai taɓa shiga ba. Ina tsaye bayanta na ga layin ya zanu. Shi ne dai. Ta auna sau uku a wurare uku, sannan ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Kawo littafin in sa hannu. Ka ɗauki duka biyun ka kai masa."

Muka duba kan injin, babu ɗaya rabin. Muka duba kwami, muka duba ƙasa. Ledojin da ke jere ma babu su, direba ya kwashe ya zuba a buhuna lokacin da muke waje muna magana, motar ta tashi. Na juya kan Iliya da faɗa, na ce wa ya ce ya sa shi a leda?

Ya ce, "Ni? Wallahi ko da sanda ba zan taɓa shi ba. Kai ne, Saje. Ina zaune a ƙasa ina kallonka. Ka ɗauki na hagu ka mai da akwati, ka ɗauki na dama ka sa a leda, ka rubuta lamba, ka ɗaure, ka jera. Kamar yadda kake yi kullum. Na yi maka magana ba ka ko dube ni ba."

Na ce ƙarya yake, hannun da ba ya riƙe biro? Sai Injiniya ta nuna mani littafin. Ga lambar ledar an shigar a layinta, da rubutuna, mai kyau tsaf irin na da, har da lokaci: bakwai da minti goma sha tara.

Iliya ya hau babur ya bi motar har Safana bai cim mata ba. Kafin a samu direban a waya ya riga ya sauke buhunan a Katsina an ɗora su a wata babbar mota.

Da hantsi na naɗe rabin da ya rage a farin alawayyo na kai wa Baba Tukur. Ya buɗe, ya dubi fuskar da aka yanka, ya shafa ta da yatsa. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Rabi ka kawo mani." Ya kira liman da mutum huɗu, muka je gonar, ya ce a mai da shi ta hanyar da ya fito. Ni na durƙusa na sa shi a bakin bututun na saki. Muna jin sa yana gogar ƙarfe yana sauka, yana sauka, har ƙarar ta yi nisa, kuma ba wanda ya ji ya tsaya. Liman ya yi addu'a, Injiniya ta sa aka kawo siminti aka toshe bakin.

Kafin mu fita daga gonar na ji ɗumi yana dawo mani, daga gwiwar hannu yana gangarowa, na ji babban yatsana, na ji manuniya, na ji na tsakiya, har na fara hamdala a fili. Sai ya tsaya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da rabin tafin da ke ƙarƙashinsu, suna nan yadda suke, kuma iyakar a miƙe take kamar an ja ta da rula. Har yau haka suke, da sanyi da laima, ko a bakin murhu na zauna. Na je asibiti a Katsina, likita ya ce jijiya ce. Na ce to laimar fa? Ya rubuta mani magani.

Injiniya ta bi sawun ledar da waya har mako uku. Amsar da aka ba ta daga ɗakin gwajin ita ce, su ma ba sa niƙa samfur sai sun gasa shi ya bushe, kuma akwai guda ɗaya da ya kwana biyu a tanda ya fito a jiƙe, sai suka ware shi suka ajiye a sito. Ta ce su maido, suka ce za su duba. Kafin damina ta kama kamfanin ya naɗe kayansa, kowa ya kama gabansa, lambar wayar Injiniya da nake da ita ta daina shiga. Baba Tukur ya rasu bayan shekara biyu. Na je gaisuwa, ɗansa ya ce mani har a ciwon ajali yana tambaya ko mutumin Batsari ya kawo sauran.

Ban ce ga abin da dutsen yake ba. Na'ura dai ba ta san tsoro ba, ba ta san Haruna ba, abin da ta gani ta zana.

Don haka ina roƙo, kuma saboda roƙon na zauna na rubuta wannan. Idan kana aiki a ɗakin gwajin duwatsu, ko kana gadin siton da ake tara tsofaffin samfura, ko kana da ɗan'uwa a irin wurin, don Allah ka duba mani. Leda ce fara mai kauri, an ɗaure bakinta da igiyar roba ɗauri biyu, an rubuta rami na bakwai, mita ashirin da huɗu. Za ka gane ta, don ita kaɗai za ka tarar da raɓa a cikinta. Kada ka buɗe, kada ka ɗauka da tafin hannu. Ka naɗe ta a farin ƙyalle ka aiko da ita Tsaskiya, ka ce a kai wa iyalan maginin da rijiya ta rufta da shi, za a nuna gonar.